Wanda Zai Tura Keken Kosta

A ƙauyenmu na bakin kogin Tisa, in ka ga Milutin to waiwaya, Kosta na nan kusa. Kum ɗinsa ne, kamar yadda muke faɗa, in za a kira shi kuma a ce kume. Kosta ne ya tsaya masa ranar aurensa da Zorka, shi ne kuma ya riƙe 'ya'yansa a coci ranar da aka raɗa musu suna. A wurinmu kuwa ɗan'uwanka ka iya zaginsa da safe ku shirya da yamma, amma kum ba a ɗaga masa murya. Tun gashinsu na baƙi, duk Lahadi da sassafe su biyun ke hawa kekunansu, sandunan fatsa ɗaure a jikin ƙarfe, su bi kan ganuwar da ke tare ambaliya har zuwa wata tsohuwar bishiya da rassanta ke shan ruwa. Can suke yini. Kosta a dama, Milutin a hagu, tukunyar miyar kifi a tsakiya. Ba wata hira ma suke yi ba. Wata ranar tun safe har yamma abin da zai fito daga bakin Kosta bai wuce "miƙo albasa" ba, amma Milutin ya koma gida yana fara'a kamar an yi masa albishir.

Ana nan sai Pishta ya dawo daga Jamus. Ɗan ƙauyen ne, daga layin masu yaren Hangari, ya tafi tun yana saurayi ya ƙare ƙuruciyarsa a garejin gyaran motoci. Ya dawo da fansho da haƙoran roba farare tas, ya sayi gidan da ke jikin na Kosta. Mutum ne mai son mutane, ba ya ƙyashin koya wa kowa abin da ya sani, kuma wannan ma na cikin abin da ya sa daga baya Milutin ya kasa samun inda zai kama shi.

Wata Lahadi Milutin ya iso ƙofar kum ɗinsa yana kaɗa ƙararrawa kamar kullum, sai ya yi turus. Keken Kosta ne dai, baƙin nan mai lanƙwasasshen kariya, amma an cusa masa ɗan inji a tsakanin ƙarafuna, ga tanki kamar gorar ruwa a sama, ga sarƙa ta biyu ta ɓangaren hagu. Kusa da shi na Pishta, iri ɗaya sak.

"Kume, mene ne wannan?"

"Abin da ka gani," in ji Kosta, yana gyara hula, bai ko haɗa ido da shi ba. "Pishta ne ya ɗaura mini. Yau da shi za mu."

"Da shi za mu? Ina?"

"Ina muke zuwa ranar Lahadi?"

Pishta ya washe haƙoran nan nasa. "Maƙwabci, kada ka damu, ba kifinku zan cinye ba. Ni ko tsutsa ban iya sa wa ƙugiya ba."

Irin wannan keken ba a kunna shi da makulli. Sai ka riƙe kuloci ka taka feda har ya ɗauki gudu, sannan ka saki, taya ta juya injin ya kama. Kosta ya hau ya zauna. Maimakon ya taka, sai Pishta ya jingine nasa keken, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar bayan Kosta, ya tura shi yana sassarfa yana cewa, "Riƙe, riƙe, yanzu saki!" Injin ya yi tari ya ɗauka. Pishta ya dawo ya haye nasa, ya ɗaga wa Milutin hannu.

"Taho a hankali, za mu hura wuta kafin ka iso!"

Wannan hannun shi ya tsaya wa Milutin a rai. Injin bai dame shi ba, hannun ne. Shi da ya san Kosta tun suna satar kankana a gonar coci bai taɓa dafa bayansa haka ba, don Kosta ba mutum ne da ake taɓawa ba. Ranar da aka binne matarsa ma, da Milutin ya miƙa hannu zai riƙe shi, kafaɗa ya janye. Yau ga wani da ya dawo shekaranjiya yana tura shi kamar ɗansa, shi kuma ya zauna lamo yana murmushi.

Ya taka keken nan a kan ganuwa shi kaɗai, iska na tura shi baya, yana jin ƙarar injinan biyu na nisa har ta ɓace. Da ya iso, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ya tarar wuta ta kama. Kosta na dama. A hagu, a kan saiwar da Milutin ya goge da wandonsa har ta yi sulɓi, Pishta ne zaune ya miƙe ƙafa yana yanka albasa.

Pishta bai san wurin wani ba ne, wannan gaskiya ne. Amma Kosta ai ya sani, kuma bai ce uffan ba.

"Me aka yi maka ka shigo kamar an ƙwace maka gona?" Zorka ta tambaye shi da yamma, tana tsinke ganyen barkono a tsakar gida.

"Inji zan saya."

"Injin me? Na niƙa?"

"Na keke."

Ta ajiye kwanon ta dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, kai da ƙwan lantarki in ya mutu sai ka kira surukinka? Rayuwarka kaf burodi ka gasa. Je ka wurin Pishta ya ɗaura maka mana, an ce yini guda yake yi."

"In na taka ƙofar mutumin nan, ƙafata ta karye."

"To fa! Kishi ne ashe. Namiji da furfura yana kishin abokin wani."

"Ba abokin wani ba ne, kum ɗina ne."

"To an ce maka za a raba ku ne?"

Ai an riga an raba, ita ce ba ta je bakin kogi ta gani ba.

Daga kasuwar garin Senta ya sayo shi, cikin kwali, komai a warwatse: inji, tanki, kafireta, salansa, wayoyi, da jakar leda cike da notina da wasu ƙarafunan da bai san gabansu ba bare bayansu. Ya baje su a kan teburin da Zorka ke shanya taliya, ya tsaya yana kallo. Wallahi da a ce kishi na barin mutum ya yi tunani, da a ranar ya mayar da kwalin.

Bai mayar ba. Ya sa Zorka ta riƙe masa waya yana kallon wani mutum a bidiyo yana haɗa irinsa, yana cewa, "Koma baya. A'a, kin wuce. Haba Zorka, hannunki rawa yake!" Ita kuma tana cewa, "Miyata na ƙonewa, ka yi sauri ka gane." Ya fara da babban faifan haƙoran da ake ɗaurewa a jikin wayoyin tayar baya. Ya ɗaure shi tamau, ya juya taya, faifan ya dinga rangaji kamar ɗan maye. Ya kwance. Ya sake ɗaurewa, ya sake kwancewa. Sai da yatsunsa suka farfashe kafin ya gane ba a gama ɗaure noti ɗaya a koma na gaba. Kaɗan-kaɗan ake bi, wannan da na daura da shi, ana juya taya ana dubawa. Da ya gane sai ya ce, "Ashe ma kamar murza ƙullu ne, ba a danne gefe guda." Zorka ta ce ai da ma komai a wurinsa ƙullu ne.

Sarƙa ta ba shi wuya fiye da haka. In ya ja ta da ƙarfi sai ta yi ƙugi, in ya sassauta sai ta zame ta faɗo. Ranar da ya fara gwada tayarwa, ya taka daga ƙofar gida har shagon kan kwana, ya saki kuloci ya fi a ƙirga, injin ko tari. Ya dawo yana haki, yana tsine wa wanda ya ƙera shi, sai Zorka ta nuna ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki da cokalin miya.

"Wannan abin, a bidiyo na ga mutumin ya murɗa shi."

Bai buɗe mai ba. Ya murɗa, bai ce ya gode ba, ya sake fita. Wannan karon injin ya kama da wata irin ƙara, ya fizge shi gaba, dinyoyin maƙwabta suka watse suna kuka. Milutin ya yi ihu kamar yaro. Bai kai ƙarshen layi ba injin ya shaƙe ya mutu, don ya manta bai mayar da cok ba. Amma ya kama. Da hannunsa ya haɗa shi, kuma ya kama.

Abin da ya so a lokacin, Kosta ya gani. To amma duk kwanakin nan da yake fama, Kosta bai leƙo ko sau ɗaya ba, alhali tsakaninsu layi biyu ne. Da can, ko katanga Milutin zai shafe sai Kosta ya zo ya tsaya yana gaya masa bai iya ba. Yanzu kullum yana kan bencin ƙofar gidansa, Pishta a gefensa. Ya daina shan rakiya, barasar nan da muke dafawa a gida. Da Milutin ya kai masa kwalbar bana, cewa ya yi a ajiye, sai wani lokaci. Ya daina kofi mai kauri ya koma shayin ganye. Miyar kifi ma yanzu sai ya ce a rage gishiri. Duk Milutin ya tara waɗannan ya ɗora a kan Pishta: ɗabi'un Jamus ne, an koya wa kum ɗinsa raina abincin gida.

Pishta ne ma ya zo. Ya tsaya a bakin shinge da rana tsaka, hannu a aljihu, yana leƙen keken.

"Kai, maƙwabci, kai ka yi wannan? Sarƙar nan ta miƙe fiye da wadda na fara yi."

"Ni na yi."

"To bari in gaya maka abu ɗaya, kada ka ji haushi. Sabon inji jariri ne. Tankunan farko ka zuba baƙin mai da yawa a cikin fetur, ka riƙa tafiya a hankali, kada ka murɗe totur har ƙarshe ko sau ɗaya. Zai yi hayaƙi, ƙyale shi. Sai ƙarfe ya saba da ƙarfe tukuna. Kuma duk fita ka bi notina da sufana, girgiza na kwance su."

"Na ji."

"In ka ga dama ka kawo shi in saurari muryarsa."

"Muryarsa lafiya lau."

Pishta ya ɗan tsaya kamar akwai wata magana a bakinsa. Ya kalli Milutin, ya kalli ƙasa, sannan ya ce a gaida Zorka, ya tafi.

Da farko Milutin ya bi maganar, ba don Pishta ba, don mutumin bidiyo ma haka ya ce. Ya riƙa zagaya ƙauye a hankali, yana kwance fulogi yana duba launinsa. Ya koyi cewa in ya yi baƙi ƙirin mai ya yi yawa, in ya yi fari inji na jin ƙishi, abin da ake so shi ne ruwan ƙasa kamar ɓawon burodin da ya gasu daidai. Har ya fara jin daɗin abin. Ya fara gane lokacin da injin ke gunaguni da lokacin da yake waƙa.

Hayaƙin ne ya ɓata komai. Duk inda ya bi sai ya bar shuɗin hayaƙi a baya, kuma mutanen ƙauyenmu, Allah ya shirye su, ba sa ganin abu su yi shiru. Tsofaffin da ke zama a ƙofar shago suka sa masa ido.

"Ga mai feshin sauro nan!"

"Milutin, biyo ta lambuna, ƙwari sun dame ni!"

"Tanderun ka ɗauro a keke ne, ko ka manta ka yi ritaya?"

Ya jure wannan. Wadda bai jure ba ita ce ta ranar da ya bi ta gaban bencin Kosta, ya rage gudu don a gan shi da kyau. Hayaƙin ya lulluɓe su. Kosta ya kama tari, tari mai tsawo, har ya dafa gwiwa, Pishta na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi sai ya ɗaga hannu yana korar hayaƙin, ya ce, "Kume, don Allah matsa da shi can. Na Pishta ba ya haka."

Na Pishta ba ya haka. Milutin ya tafi gida da maganar nan tana ci masa rai. Ranar Asabar da yamma ya juye man da ke tanki, ya auna sabo, ya ɗiga baƙin mai ɗan kaɗan, abin da bai kai rabin na da ba. Ya tayar a tsakar gida, hayaƙi ya ɗauke, muryar injin ta yi kaifi.

"Ba cewa aka yi ka jira ba?" in ji Zorka daga taga.

"Wanda ya ce in jira so yake in dawwama a bayansa."

"Tsoho, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan me ya yi maka?"

"Gobe ni zan hura wutar. Su iso su tarar da ni a wurina."

Da safe bai je ƙofar Kosta ba. Ya laɓe bayan rumbun masarar da ke gindin ganuwa, tukunyar miya ɗaure a kariya, don a gidansa take kwana. Daga nan ya hango su. Ya ga Pishta ya jingine kekensa, ya ga hannun nan ya sauka a bayan Kosta, ya ga sassarfar. Ya cije leɓe ya bar su suka hau ganuwa suka yi nisa, sannan ya taka nasa ya saki kuloci.

Kai, ranar keken nan ya yi gudu! Ya murɗe totur har ƙarshe, ƙarfen na kakkarwa a tsakanin cinyoyinsa, gonakin masara na wucewa ta hagu, kogi na walƙiya ta dama. Shamuwa ta tashi daga kan turken lantarki. Ya cim musu, ya ratsa ta tsakaninsu ko kallo bai yi musu ba. Ya ji Pishta na ƙwala masa kira, "Sassauta! Maƙwabci, sassauta!" Daɗi ya kama shi har wuya. Ya ji wani abu ya faɗi ƙwal a baya, bai waiwaya ba. Notin kariya ne ya kwance, tukunyar ta gangara cikin ciyawa, don tun shekaranjiya bai bi notinan da sufana ba.

Ya hango kan bishiyar ke nan muryar injin ta sauya. Ta yi wani siririn kuka, ƙarfi ya ragu, wari ya taso. Kafin ya tuna da kuloci, injin ya buga. Tayar baya ta ƙame, keken ya ja gefe, Milutin ya tafi da shi cikin ciyawar gangaren.

Bai karye ba. Gwiwar hannu ce ta ɗaye, wando ya yage. Ya tashi zaune yana tofar da ƙasa, injin na gefensa yana ƙas-ƙas don zafi. Kosta ne ya fara isowa shi kaɗai, don Pishta ya tsaya neman tukunya. Ya ja birki a saman ganuwa, injinsa ya mutu, ya sauke ƙafa ɗaya.

"Kume! Ka ji ciwo?"

"Ina ruwanka?"

"Wace irin magana ce wannan?"

Milutin ya jawo keken ya hauro da shi yana ɗingishi. Abin da ya tara tun bazara ya taso masa gaba ɗaya, ya manta da cewa kum ba a ɗaga masa murya.

"Ina ruwanka, na ce! Ka samu sabon aboki mai haƙoran Jamus, to Allah ya ba ku zaman lafiya. Ka ba shi wurina a gindin bishiya, ina kallo, ko tari ba ka yi ba. Na kai maka rakiya ka ƙi sha. Na yi ta fama da ƙarfen nan ni kaɗai har yatsuna suka fashe, layi biyu ka kasa takowa ka ce sannu. Ni ka taɓa bari na dafa ka? Ranar da aka binne matarka ma ture ni ka yi. Amma shi kullum hannunsa na bayanka kamar shi ya haife ka!"

Kosta ya kalle shi. Can ya ce, "Ka gama?"

"Na gama. Tafi, kada in ɓata muku Lahadi."

"To."

Kosta ya riƙe kuloci, ya ɗora ƙafa a feda, ya taka. Keken ya motsa. Ya sake takawa, ya sake, tayar gaba na karkata. Bai yi nisan da za a jefa dutse ba ya tsaya, ya sauke ƙafafu duka biyu, ya kifa ƙirjinsa a kan ƙahon keken. Milutin na jin numfashinsa daga inda yake tsaye, yana fita da wani sauti kamar tsohon famfo. Ya saki nasa keken ya faɗi, ya ruga. Leɓunan Kosta sun yi shuɗi. Ya laluba aljihun riga, ya ciro wata 'yar ƙwaya ya sa ƙarƙashin harshe.

Suka tsaya haka har numfashin ya daidaita. Sai a lokacin Milutin ya ga wuyan rigar ya yi masa yawa, ya ga sabon hujin da aka yi wa bel da ƙusa.

"Tun yaushe?"

"Tun sanyin da ya wuce. Zuciya ce. Likita ya ce keke ya ƙare, tafiya ma sai kaɗan."

"Kuma shi ka gaya wa." Ko a wannan halin, abin da ya fara fitowa daga bakin Milutin ke nan, kuma ya ji kunyarsa tun kafin ya rufe baki. "Shi ka gaya wa, ba ni ba."

"Ban gaya masa ba. A bakin hanya ya tsince ni zaune, keke a kwance. Shi ya ce akwai dabarar da za ta kai ni kogi. Na sa ya rantse ba zai faɗa ba."

"Don me, kume? Ni fa?"

"Don Pishta tura ni yake yi ya koma harkarsa. Kai kuwa da ka sani, da Lahadi ta mutu. Ba za ka ƙara kallon ruwa ba, ni za ka riƙa kallo. Ga shi ma ka fara." Ya ɗan yi murmushi. "Wurinka kuma, ni na ce masa ya zauna nan. Ta hagu nake karkata in abin ya taso. Ban so ya zama kai ne za ka gani."

Haushin Milutin bai tafi ba, ya dai rasa wanda zai ba.

Sai ga Pishta ya iso, tukunya rataye a ƙahon kekensa ta lotsa a gefe. Kallo ɗaya ya yi musu ya gane. Ya jingine kekensa kamar kullum, ya nufo bayan Kosta yana naɗe hannun riga.

"Cire hannunka," in ji Milutin.

Pishta ya tsaya.

"Nuna mini dai inda ake dafawa."

"Tsakiya, ƙasa da kafaɗu. Kada ka fizga. Ka fara da tafiya, sannan sassarfa. Kai za ka ce masa ya saki, don shi ba ya jin gudun."

Milutin ya ɗora tafinsa. Ta cikin rigar ya ji ƙasusuwan bayan ɗaya bayan ɗaya, mutumin da a da yake saɓa buhun gari biyu ya shigo masa da su gidan burodi. Kosta bai janye ba. Milutin ya tura, gwiwarsa na zafi, ya fara sassarfa, ya ƙara.

"Riƙe, kume. Riƙe. Saki!"

Injin ya kama. Bayan ya rabu da tafinsa ya yi gaba, shi kuma ya tsaya a tsakiyar ganuwa hannunsa a miƙe, yana haki.

Pishta ya tsuguna wurin keken da ke kwance, ya shinshina, ya girgiza kai. "Fistin ya tafi. Ka rage mai ko?"

"Na rage."

"Kawo shi gobe."

"Zan kawo. Amma da baki za ka yi, ni zan riƙe sufana." Ya share fuska da hula. "Turi kuma daga yau nawa ne. Safe da yamma."

"Naka ne, maƙwabci. Da ma bayana ya gaji."

Milutin ya maƙale kuloci don taya ta samu juyawa, ya hau ya taka. Keke da mataccen inji nauyi gare shi, sai da ya sha wuya kafin ya kai. Ya tarar Kosta zaune a dama ya jefa fatsa. Pishta na can ƙasa bakin ruwa yana tsintar itace, ya ba su baya, kuma ga alama ba sauri yake yi ba. Saiwar hagu babu kowa.

Milutin ya zauna. Ya sa tsutsa, ya jefa tasa fatsar. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma idonsa sai komawa yake kan ƙirjin rigar nan yana duba hawa da saukarta.

"Miƙo albasa," in ji Kosta.

Ya miƙa masa.

"Kume."

"Na'am."

"Kalli ruwa."

Milutin ya juya ya kalli ruwa.